Fili ba gida ba ne: abin da aikin awo ya koya mini a Damagaram

In aka ce ƙaramar hukuma za ta sama wa talaka gida mai rahusa, mutanenmu sukan hango jerin gidaje masu fenti iri ɗaya, magajin gari yana miƙa makulli ana tafi. Shekarun da na yi ina awon filaye a Damagaram da garuruwan kewayenta sun nuna mini ba haka abin yake ba. A ƙasar nan ta Nijar ma'aikatar magajin gari ba kasafai take gini ba. Gidajen sayarwa aikin kamfanin gwamnati ne irin SONUCI, bashin gini kuma na banki ne, shi ma sai mai albashi. Abin da ke hannun magajin gari ƙasa ce. Ya yanka gonaki, ya fitar da tituna, ya raba filaye, iyakar shirin gidajensa ke nan.

A takarda aikin yana da tsari. A zauna da masu gonaki da magadansu a daidaita, a zana taswira a kai ta ma'aikatar tsara birane ta amince, a ware wurin makaranta da kasuwa da gidan likita da maƙabarta. Daga nan mu shiga da na'ura mu kafa turakun siminti a kusurwowi. Masu gona su karɓi kasonsu na filaye, sauran a sayar, mai saye ya tafi da takardar magajin gari.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 aka ɗora musu nauyi mai yawa, alhali abin da suke tarawa daga harajin kasuwa da na tasha bai taka kara ya karya ba. Hanya mafi sauƙi ta cika asusu ita ce yanka sabon fili. To, wanda ke sayar da ƙasa don ya biya ma'aikatansa, yaya za a yi ya karyar da ita saboda talaka? Gwamnatin ƙasa da kanta, a farkon shekarun 2000, da filaye ta biya ma'aikata wani ɓangare na bashin albashi, mutane kuma suka ƙara sabawa da kallon fili a matsayin wurin ajiyar kuɗi. Ɗan kasuwa ya sayi goma, ya zagaye da katanga, ya zauna jiran farashi ya tashi. Akwai sharaɗin a gina cikin wa'adi, amma ban taɓa ganin an tuna da shi a kan mai hali ba.

Ko filin ya kai hannun wanda aka yi shi dominsa, da sauran rina a kaba. Damagaram a kan dutse take zaune, ruwanta daga nesa ake janyo shi, daga Gogo da Macaya, da Arunguza, daga baya aka ƙara da Ganaram. A tsofaffin unguwanni ma famfo yakan ɗauke a tsakiyar rani, balle bayan gari inda bututu bai je ba. Gini kuwa ruwa yake sha, ko na ƙasa ne ko na siminti. Wata dattijuwa mai tuyar ƙosai ta zo wurinmu a nuna mata turakun filinta, na ɗauka gini za ta fara, ashe mai saye ta samu. Na ce, "Inna, kin samu abin da mutane ke nema ido rufe, za ki rabu da shi?" Ta gyara lulluɓi ta ce, "Ɗan nan, ka ga wurin kuwa? Ko ɗan ga-ruwa ba ya zuwa. Wa zan sayar wa ƙosai a can, gawo?" Ta lissafa mini kuɗin kabu-kabu zuwa kasuwa da dawowa, da na ruwa, da nisan makarantar jikokinta, sai ga hayar ɗakin da take biya a unguwar Zango ta fi mata sauƙi. Lissafinta ya fi na ofis daidai, domin rahusar fili ba a farashinsa kaɗai take ba.

Na kuma lura da yadda talaka ke gini, abin da masu zana shiri a ofis ba su cika dubawa ba. Ba ya gina gida a tashi ɗaya. Katanga tukuna, sai ɗaki ɗaya da makewayi, ya tare a haka. In ya kwashi adashi ya ƙara ɗaki, in ɗa ya isa aure a fitar masa da nasa, zaure sai Allah ya hore. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya koma sefa dubu 42 a 2024, akasarin masu neman muhalli ma ba albashi suke ɗauka ba. Duk shirin da ya ce sai gidan siminti kammalalle, a biya ta banki wata-wata, ya riga ya zaɓi mutanensa tun kafin a buɗe rajista. Abokan aikinmu da suka yi karatu a waje suna yawan kawo misalin Faransa, inda dokar shekarar 2000 ta tilasta wa garuruwa da dama su ware kashi 20 cikin ɗari na gidajensu ga masu ƙaramin ƙarfi, daga baya aka kai shi 25. Can akwai harajin da zai ɗauki wannan nauyi. Abin da ya burge ni a dokar ɗaya ne, garin da ya ƙi bi tara ake cin sa.

Damanar 2024 ta sa kowa ya juya wa ginin ƙasa baya, musamman da tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a watan Satumba. Ni dai ban yarda laifin tubali ne kaɗai ba. Yawancin gidajen da na ga sun zube a sababbin unguwanni, a kwari aka yanka su. Mu masu awo da rani muke aiki, ƙasa a bushe, ko'ina ya yi kama da wurin zama. A wani gari da ba zan ambata ba, wani tsoho da aka yanka gonarsa ya biyo mu yana dogara sanda, ya ja layi a ƙasa daga gindin wata tsamiya zuwa gangare. Ya ce wa shugabanmu, "Ranka ya daɗe, nan hanyar ruwa ce, tun ina yaro ba ta sauya ba." Taswira ta riga ta samu sa hannu, layin nasa kuwa ya ratsa tsakiyar filaye. Aka kafa turaku yadda takarda ta ce. Da ruwa ya sauka, hanyarsa ya bi.

Maginan Birni sun san abin da ke riƙe ginin ƙasa: tushe na dutse, wanda garin nan ba ya rasawa, indararo mai jefa ruwa nesa da bango, da yaɓe kafin damana. Da ƙaramar hukuma za ta haƙa magudana ta kawo famfon unguwa kafin ta raba takardu, ta bar mutane su yi gini da abin da suke iyawa, da ta yi aikin da ya fi gidaje hamsin na nunawa a talabijin. Sai dai gyara ma yana da nasa haraji. Bayan ayyukan gyaran gari na Zinder Sabuwa a 2018, inda kwalta ta bi, haya ta bi ta, mai ƙaramin ƙarfi ya ƙara matsawa baya.

A watan Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa masu riƙo, amma tsohuwar rigimar ofisoshin filaye tana nan: fili ɗaya, takarda biyu, kowa da hatiminsa. Wuri guda na ga an shawo kanta, kuma ba da kwamfuta ba. Wani sakatare ne ya ɗauki babban littafi ɗaya, kowane fili da lambarsa da sunan mai shi, ba a kankarewa, in an sayar sai a rubuta sabon suna a ƙasa gaban shaidu biyu da mai unguwa. Ya liƙa jerin sunayen a bangon ofis, ya sa aka karanta a rediyon garin. Wasu manya da sunansu ya fito sau da yawa sun daina gaisawa da shi, daga baya ma aka sauya masa wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya ci gaba da littafin, don mutane sun riga sun saba zuwa su ce a buɗe musu shafi kafin su biya ko dala.