Lahadi a St Andrews, na taka ramuka huɗun farko da ƙafa

Jiya da yamma sunanmu ya fito a ƙuri'ar samun gurbin wasa a Old Course, tsohon filin golf na St Andrews a Sikotilan, ni da Yaya, gobe Litinin za mu buga. Ranar Lahadi ba a wasa a filin, ana bar wa mutanen gari su yi yawo da 'ya'yansu da karnukansu. Shi ya sa da hantsi muka hau bas daga Dundee, muka tsallaka gadar kogin Tay, don mu taka ramukan farko da ƙafa mu san abin da ke jiranmu. Akwai rana, amma iska tana kaɗawa da ƙarfi daga yamma, irin wadda ke sa ido hawaye.

Wurin bugun farko yana gaban ginin ƙungiyar golf ta R&A, a gefen gari, inda duk mai wucewa zai iya jingina da shinge ya zuba maka ido. Ramin farko yadi 376 ne, bugu huɗu aka ƙayyade masa. Babu ramin yashi ko ɗaya. Hanyarsa haɗe take da ta rami na 18, faɗinsu yadi 129, wato ya fi tsawon filin ƙwallon ƙafa. Wani ƙaramin titi, Granny Clark's Wynd, ya ratsa ta tsakiya zuwa bakin teku. Yaya ya duba dama ya duba hagu ya ce, "Ƙanena, wanda ya kasa sauke ƙwallo a nan ai sai ya sayar da sandunansa."

Na ce, "Yaya, Ian Baker-Finch fa ya kasa." Mutumin Ostireliya ne, ya ci babbar gasar golf ta Open a 1991, amma a 1995 ya tsaya a wannan wurin ya karkata ƙwallo hagu, ta ƙetare hanyoyin biyu ta fita iyaka. Ba faɗin ne ya yi masa kaɗan ba, idon jama'a ne da rawar hannu.

Sai da muka yi nisa da tafiya na gane inda aka ɓoye haɗarin. Wani siririn rafi mai suna Swilcan ya kwanta daidai bakin girin, wato lallausar ciyawar da ramin yake cikinta, babu tazara tsakaninsu ko kaɗan. Gefensa a gine yake, a miƙe, ƙwallon da ta faɗa ba za ta taɓa tsallakowa da kanta ba. Daga nesa ba ka ganinsa, domin ƙasar a shimfiɗe take. A ɓangaren dama kuma rafin ya lanƙwaso ya shigo cikin hanya, ga farin shingen iyaka shi ma a dama. Saboda haka doguwar sanda ba ta da wani amfani sosai a nan. Abin da ake so shi ne ka saita hagu, wajen tsohuwar gadar dutsen nan da kowa ke ɗaukar hoto a kanta, ka bar wa kanka kamar yadi 100 zuwa 130, tazarar da za ka iya yin cikakken bugu. Wanda ya matso kusa da rafin da yawa zai rage masa rabin bugu a kan ruwa, kuma rabin bugu shi ne abin da hannu mai sanyi ya fi ƙi.

Na daɗe a tsaye a bakin rafin. Idan an kafa tutar ramin a gaba-gaban girin, zuciya za ta ce ka nufe ta, iska kuma tana fuskarka tana rage wa ƙwallo tafiya. A 1984 shi dai Baker-Finch ɗin ya shiga ranar ƙarshe ta gasar Open yana kan gaba tare da Tom Watson, bugunsa na biyu a wannan ramin ya ƙare cikin ruwa, kofin ya tafi hannun Seve Ballesteros. A 2022 Tiger Woods ya buɗe gasar da jefa ƙwallo cikin rafin nan, ya tashi da bugu shida. Girin ɗin yana da zurfi ta baya, wuri na nan birjik. Na rubuta a takardata: ɗauki sandar da ta ɗan fi kai ƙwallo nisa, nufi tsakiya, manta da tuta.

Ni wannan tsarin ya burge ni ƙwarai. Ramin yana ba ka bugun farko kyauta don jikinka ya saki, ya kuma nemi ka yi lissafi tun daga bugu na biyu. Old Tom Morris ne ya gina wannan girin wajen 1870. Tun kafin shi ma an taɓa farkon filin: a 1764 aka ga ramuka huɗun farko sun yi gajarta, aka haɗe su suka koma biyu, zagayen ya sauko daga 22 zuwa 18. Adadin da duniya ke bi yau daga gyaran ramukan farko ya samo asali.

Daga rami na biyu aka juya dama, fili ya canza fuska gaba ɗaya. Shimfiɗar nan ta ƙare, sai tudu da kwari, ga kurmin ƙaya a dama wanda in ƙwallo ta shiga sai dai ka yi mata bankwana. Daga wurin bugu ba ka ganin inda za ta sauka sosai. A hagu akwai ramin yashi mai suna Cheape's, sunan gidan James Cheape da ya sayi filin a 1821 ya raba shi da masu kiwon zomaye. Hagu dai akwai sarari, har kana iya aron hanyar ramukan dawowa, wato tara na ƙarshe. Amma da muka isa girin muka waiwaya, sai ga walakin goro a miya. Wasu ƙusoshin tudu sun tokare gabansa ta hagu, duk ƙwallon da ta zo daga can za su ture ta inda suka ga dama. Ƙofar a buɗe take ga wanda ya yi ƙarfin halin bin dama, kusa da ƙayar.

Girin ɗin na ramuka biyu ne, na 2 da na 16. Irinsa bakwai ne a filin, kuma kowanne idan ka haɗa lambobinsa 18 za su ba ka. Farar tuta ta masu fita ce, ja ta masu dawowa. Mu da muka koyi wasa a Kano a kan burawun, yashin da aka cakuɗa da mai ake sharewa kafin a tura ƙwallo, mun saba da ɗan da'irar da in ka hau ta aiki ya kusa ƙarewa. A nan kana iya hawa girin ka tarar da yadi talatin tsakaninka da rami, da tudu biyu a hanya. Wannan ne ya fi damuna game da gobe.

Na uku ya maimaita darasin a gajarce. Bai kai yadi 400 ba, ƙananan ramukan yashi sun jeru a dama, babban mai siffar jinjirin wata, Cartgate, yana tsaron girin ta hagu. Ka guje wa ƙanana daga wurin bugu, ka fuskanci babba a bugu na biyu. Na leƙa cikin ɗaya daga ƙananan: bangonsa ciyawa ce aka jera sala-sala, a tsaye, fita kawai za ka nema ko da ta gefe ne. Ramukan yashi 112 ne a filin, kuma Tiger Woods ya yi kwana huɗun gasar 2000 bai faɗa ko ɗaya ba.

A rami na huɗu, Ginger Beer, muka yi saɓani da Yaya. Sunan ya samo asali ne daga wani dattijo, Daw Anderson, da ke sayar da lemon citta a wurin a ƙarni na 19. Ramin dogo ne, yadi 480 ga ƙwararru. Hanya biyu ce: wani matsattsen kwari a dama da ke kai ka kai tsaye, ko faffaɗan tudu a hagu wanda daga kansa sai ka tsallake ramukan yashi da wani ƙullutu a gaban girin. Yaya ya ce shi dama zai bi, bai zo Sikotilan don ya yi ta laɓe-laɓe ba. Na ce, "Yaya, iskar nan daga hagu take turowa, kuma ƙwallonka dama can tana son karkata dama." Ya yi dariya ya ce in bar shi da ƙwallonsa.

Ni na tsayar da shawara. A na biyu da na huɗu hagu zan bi, in karɓi bugu biyar da hannu biyu, domin dogaye ne kuma tarar ɓatar da ƙwallo ta fi ƙarfin ribar. A na uku zan gwada dama, tun da gajeriyar sanda ce za ta rage mini, kuma kyakkyawar kusurwa a can tana iya zama bugu ɗaya cif. Mun yi la'asar a wani lungu kusa da yashin West Sands, muka biya ta rumfar masu ɗaukar sanduna muka duba yadda ake neman kadi. Idan hasashen yanayi ya tabbata iska ta koma gabas da safe, ramin farko zai zo da iska a baya, ƙwallo ba za ta so tsayawa a girin ba, sai na sake lissafin sandar bugu na biyu.