Mita 10 da suka raba mini taurari biyu

A shekarar ƙarshe ta digirina na biyu aka ba ni aikin tsara falakin taurarin ɗan Adam guda biyu a kwamfuta. Za su riƙa zagaya duniya a tsayin kilomita 500, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kilomita 5, ba tare da an yi ta ƙona mai ana dawo da su ba. Na fara da lissafin Clohessy da Wiltshire na 1960, mai nuna yadda tauraro ke gusawa daga wani na kusa da shi, wanda ya ɗauki duniya mulmulalliya sumul. Wata guda cur tazarar ba ta gusa ba.

Sai na saka kumburin duniya. Nisan da ke daga cibiyarta zuwa ikwaita ya ɗara na zuwa ƙuryar arewa da kusan kilomita 21, kuma masu sana'ar suna kiran tasirin nan J2. Na bar kwamfutar tana aiki na tafi sallar isha'i. Ina dawowa na tarar layukan taurarin biyu a kan allo sun wage kamar bakin almakashi.

Kwana uku ina laluben kuskure, ashe a wajen farawa yake. Kumburin nan yana sa girman falaki ya hau ya sauka da kilomitoci, sau biyu a kowane zagaye. Ni kuwa girman da kowannensu yake da shi a daƙiƙar farko na daidaita, alhali ba a wuri ɗaya suke ba. Da na fitar da matsakaicin girman, sai ga bambancin mita 10 kacal. Wanda ya fi tsayi yakan yi baya da kusan mita 94 a zagaye ɗaya, ga shi zagaye 15 suke yi a rana. Kilomita 1.4 ke nan kullum! Tun daga ranar, matsakaici nake fara daidaitawa kafin komai.

Duk da haka siririyar iskar sama ba ta jan su daidai wa daida, don haka gusawa ba ta ƙarewa sarai. Shi ya sa dabarar Jamusawa ta shiga raina. Tauraronsu TanDEM-X da suka harba a 2010 yana murɗawa ne kewaye da ɗan'uwansa TerraSAR-X da tazarar 'yan ɗaruruwan mita: duk lokacin da suka daidaita ta gefe, ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, ko sun gusa ba za su yi karo ba. A kan wannan tsarin na sake gina nawa, na gwada shi na kwana 90.