Kafin ka sayi tsohuwar kyamara a Legas, ƙanina, zo ka ji abin da ya same ni

Kwanan nan ina yawan ganin samarinmu a Agege da Idi-Araba, har da Obalende, kowa ya rataya tsohuwar kyamarar fim a wuya, wallahi abin yana min daɗi sosai don ni ma son da nake wa harkar nan Allah kaɗai ya sani. Amma in na gan ku sai gabana ya ɗan faɗi, saboda hanyar da kuke shirin bi na riga na bi ta, kuma kuɗin da na zubar a cikinta gumi ne, ba tsintarsu na yi ba.

Bari in fara da ranar da ta fi min ciwo. Na tafi gida Kano jinyar mahaifina, na yi wajen wata uku, kuma daidai tsakiyar damina ne, wanda duk mazaunin Legas ya san yadda Yuni da Yuli suke, bango ma jiƙa yake yi, takalmin da ka ajiye ƙarƙashin gado sai ka tarar ya yi fari. Kafin in tafi na tattara lens ɗina, wato gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, guda goma sha ɗaya, na saka kowanne cikin jakarsa ta fata, na rufe su da murfi gaba da baya, na zuba a akwati na tura can ƙasan wadirob, a tunanina na adana su ke nan. Da na dawo na ɗauko ɗaya na ɗaga shi saitin taga, sai na ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo fari ya taso daga gefen gilashin yana shiga tsakiya. Na goge da ƙyalle bai fita ba, ashe daga ciki yake. Na ɗauko na biyu haka, na uku haka. Bakwai cikin goma sha ɗaya. Na zauna a bakin katifa na daɗe ban ce komai ba.

Funfuna ce, irin wadda take fitowa a burodi, sai dai ita wannan a cikin gilashi take rayuwa. Duhu take so da laima da wurin da iska ba ta motsi, kuma jakar fata tana riƙe danshi, wato duk abin da take buƙata ni na haɗa mata da hannuna. In an ganta da wuri mai gyara zai iya buɗe lens ɗin ya wanke, amma in ta daɗe tana cinye shafin nan mai sheƙi da ake yi wa gilashin, ta bar tabo wanda ba sauran magani, hotonka ya riƙa fitowa kamar an ɗauke shi cikin hazon hunturu. Uku aka ceto min, huɗu sun tafi.

Yanzu ga yadda nake yi, kuma ba tsada. Roba mai murfi wadda iska ba ta shiga, irin ta zuba abinci amma babba mai haske, sai 'yan ƙullin nan na silika da ake samu cikin kwalin sabon takalmi ko waya, ana sayar da su da yawa, akwai ma masu canza launi in sun sha ruwa sun ƙoshi, sai ka busar da su ka mayar. Ka sa ɗan ƙaramin agogon auna laima a ciki, in yana nuna tsakanin 40 da 50 hankalinka ya kwanta, in ya haura 60 yana zaune a can to tashi ka canza silikar. Ka cire lens daga jakar fata gaba ɗaya. Sannan ka riƙa fito da su suna shan haske da iska, lens ɗin da ake aiki da shi kullum ba kasafai funfuna take kama shi ba, wanda aka ɓoye ne take ci.

To amma tambayar da ya kamata in yi wa kaina tun farko ita ce, me zan yi da lens goma sha ɗaya alhali a lokacin ko fim biyar ban wanke ba? Nan ne asalin kuskuren. Na fara ne da son hoto, ban ankara ba na koma son tara kaya. Duk Talata in na samu sarari ina kasuwar Aswani, wani lokacin Katangowa can Abule Egba, ina tona tarin kayan gwanjo, in na ga wani abu mai gilashi da rubutun Japan ko Jamus sai jikina ya hau rawa in ce kar wani ya riga ni. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko zai hau kyamarar da nake da ita ba.

Kuma maganar hawa ɗin nan ku riƙe ta da kyau. Kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa kyamararsa. Na taɓa sayen lens ɗin Canon FD 50mm, lafiyayye tas, na kawo gida da murna zan ɗaura wa kyamarar dijital ta Canon da abokina ya ara min, tunda dai duk Canon ne, sai ya ƙi shiga. Ashe tun 1987 da suka fito da EOS suka canza baki zuwa EF suka bar FD. Tazarar da ke tsakanin lens da fim a FD milimita 42 ce, a EF kuma 44, wannan bambancin na milimita biyu kacal shi ne yake hana abu mai nisa fitowa ras, sai ka sa adafta mai gilashi a ciki wadda ita kuma take rage kyan hoton. Haka lens ɗin Rasha Helios 44-2, 58mm f/2, wanda kowa yake yabo saboda yadda yake murɗa bayan hoto kamar guguwa, bakinsa M42 ne mai zare da ake murɗawa kamar murfin kwalba, in ka sa shi a Nikon da adafta marar gilashi ba zai kai maka nesa ba. Wanda yake da kyamarar zamani marar madubi, irin su Sony E, shi ne ya huta, tazararsa milimita 18 ce kawai don haka kusan kowane tsohon lens zai hau da adafta mai araha.

Akwai kuma wata Kodak Instamatic da na saya don kyanta kawai, ƙarama kamar sabulu. Da na je neman fim aka ce min 126 take ci, kuma Kodak ta daina yin wannan tun 1999. Tana nan har yau ban taɓa ɗaukar hoto ko ɗaya da ita ba. In ba mai cin fim 35mm ba ce ko 120, ƙanina, wuce abinka.

Wanda ya buɗe min ido wani dattijo ne ɗan Zariya da ya yi shekaru yana da shagon hoto a nan Agege kafin waya ta kashe kasuwar, yanzu yana zaune a ƙofar shagon ɗansa. Na kai masa Canon AE-1 da na saya da kuɗin da na yi wata biyu ina tarawa, mai sayarwar ya ce min batir kawai take buƙata, ni kuma na yarda ban gwada ba. Na ce Baba dan Allah duba min wannan. Ya karɓa, bai ko kalli sunan da ke gabanta ba, ya buɗe bayanta ya shafa yatsa a ramin ƙofar, sai ga wani baƙin abu kamar kwalta ya manne masa. Ya nuna min ya ce ɗana ka ga wannan, soson da yake tare haske ne ya narke, in ka sa fim a haka duk hotunanka da jan wuta za su fito. Ya buɗe wurin batir, ciki ya yi kore da tsatsa, tsohon batir ya fashe a ciki shekara da shekaru. Ya ce ita wannan in ba wuta ko motsi ba ta yi, labulenta ma da yake buɗewa haske ya kai ga fim da batir yake aiki, me ya sa ba ka tafi kasuwar da batir a aljihu ba? Na ce Baba ban sani ba ne. Ya ce to yanzu ka sani.

Shi ya koya min yadda ake duba kyamara, kuma tun daga ranar ban sake fita saye ba sai da tocila da batir a aljihu, LR44 guda biyu da 4LR44 mai volt 6 wanda AE-1 take ci. Ka buɗe bayan kyamarar ka ɗaga ta saitin haske, ka danna a kowane gudun labule tun daga sakan 1 har 1/1000, kunnenka zai gaya maka, sakan ɗaya ya zama sakan ɗaya ba ya tsaya yana nishi a hanya ba, a mafi sauri kuma ka tabbata ka ga walƙiyar haske ta cika tagar duka. In labulen na ƙyalle ne haska shi da tocila ta baya ka nemi ƙananan huji. Lens kuma ka cire shi, ka buɗe ƙofar haskensa duka, ka haska tocila ta gefe ɗaya ka leƙa ta ɗayan a ɗan karkace. 'Yar ƙura ba komai ba ce, duk tsohon lens yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto, kar ka bar abu mai kyau saboda ita. Saƙar gizo da hazo su ne abin gudu. Ka kalli ganyayen nan na ƙarfe da suke rufe ƙofar haske, su zama busassu, in ka ga suna sheƙin mai to za su riƙa makara wajen rufewa hotonka ya ƙone. Ka juya zoben fokos daga farko har ƙarshe, ya tafi sumul ba ƙara ba cijewa. Duk mai sayarwar da ya ce ba ka da damar yin wannan, ko ya ce sauri yake, ka yi masa sallama cikin mutunci ka tafi. Na waya kuwa, wanda zai turo maka hoto a WhatsApp ya ce tura kuɗi a aiko maka, ni dai na daina, sai dai mu haɗu in riƙe ta a hannuna.

In ka tambaye ni wace za ka fara da ita, zan ce wadda ba ta dogara da batir. Pentax K1000 da aka yi daga 1976 har 1997, ko Nikon FM ko FM2 in aljihunka ya kai, ko Minolta SR-T 101. Waɗannan ƙarfe ne da sifirin, batirin na mitar haske ne kawai, ko mitar ta mutu kyamarar tana aiki, akwai manhajar auna haske a waya, kuma a ranar Legas mai ƙarfi in ka sa ƙofar haske a f/16 da gudun da ya yi kusa da lambar fim ɗinka, misali 1/250 a fim mai 200, hoto zai fito. Olympus OM-1 ma tana da kyau ƙwarai ga ta ƙarama, sai dai mitarta an yi ta ne don batirin makuri mai volt 1.35 wanda aka daina yi, in ka sa na yanzu mai 1.5 za ta riƙa yi maka ƙarya kaɗan.

Sannan ka lissafa kuɗin fim kafin kuɗin kyamara, wannan ban yi ba. Naɗi ɗaya hoto 36 ne, Kodak Gold 200 mai kala ko Ilford HP5 na baƙi da fari, duk daga waje suke zuwa don haka farashinsu yana bin dala, ga kuɗin wanki ga na sikan, kuma masu wankin a Legas ba su da yawa, ka nemo su tun kafin ka sayi komai ka tambaye su ko suna wanke baƙi da fari don ruwan maganinsa daban ne da C-41 na mai kala. Na taɓa sayen fim da ya wuce wa'adi saboda araha, wanda ya sha zafin shago Allah kaɗai ya san shekara nawa, na ɗauki sunan ɗan yayata da shi, duka 36 suka fito duhu-duhu kore, fuskar jaririn ma ba a gane ta. Yaya ba ta ce min komai ba, amma sunan nan ba za a sake yinsa ba. Abu mai muhimmanci sabon fim ake sa masa, a kyamarar da ka riga ka gwada da naɗi ɗaya ka ga sakamako.

Ina yawan tuna J.D. 'Okhai Ojeikere, mai ɗaukar hoton nan wanda ya yi yawancin rayuwarsa ta aiki a garin nan, ya fara da 'yar kyamarar Brownie a 1950, daga baya ya ɗauki hotunan kitson matan Najeriya kusan dubu wanda yau duniya take kallo. Ni lokacin da nake da kyamara shida babu hoto ɗaya da zan iya nuna wa mahaifiyata in ce ga aikina.

Na sayar da abin da zai sayu, kuma duk wanda na sayar wa na nuna masa aibin da tocila kafin ya biya. Yanzu K1000 ɗaya ce gare ni da lens 50mm f/2 da wani 28mm. Asabar da ta wuce bayan asuba na shiga kasuwar Mile 12 lokacin da ake sauke tumatir da attaruhu daga motocin Arewa, na roƙi izinin wani bawan Allah ɗan Katsina da kwando a kansa, ya ce ɗauka mana Malam amma ka kawo min nawa. An wanke an buga, yana cikin ambulan a jakata, gobe in Allah ya kai mu zan kai masa.