Kafin ka biya kuɗin kwas ɗin barista a Ingila, fara tunanin cemba

Ƙannena masu karatun lauya a Ingila, da masu shirin zuwa da burin zama barista a can, ga abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa min tun da wuri. A Najeriya in ka gama makarantar lauyoyi aka kira ka, wato aka tabbatar da kai lauya, shikenan, barista mai tsayawa a kotu da solisita mai aikin ofis duk kai ne. A Ingila da Wales ba haka abin yake ba. Ka gama digiri, ka yi kwas ɗin barista, a kira ka, ka sa hular gashi da baƙar riga a ɗau hoto a tura gida kowa na murna, amma fa ba ka da ikon tsaya wa kowa a kotu sai ka yi fufilej, wato koyon aiki na shekara ɗaya a cemba, ofishin da baristoci ke haɗuwa suna aiki, ƙarƙashin wani barista. Wata shida na farko bin sa kawai kake yi kana karanta fayil kana rubuce-rubuce, a wata shida na biyu ne za a fara ba ka naka ƙananan shari'o'in. Guraben kaɗan ne, masu nema kuwa ga su nan birjik, har da waɗanda suka rasa bara da bara waccan.

Ni na ɗauka sai na gama kwas sannan in fara neman cemba. Ashe cemba da yawa suna ɗaukar mutum tun saura fiye da shekara ya fara. A shafin Pupillage Gateway ake tallan guraben wajen ƙarshen Nuwamba, a buɗe karɓar fom a Janairu, a rufe bayan 'yan makonni, sakamako sai Mayu. Ya wuce ka to sai baɗi. Kuma agogo na tafiya, shekara 5 ne da kai daga gama kwas ka fara fufilej, in ba haka ba sai ka koma roƙon hukumar Bar Standards Board mai kula da aikin baristoci ta ƙara maka lokaci. Haka sikolashif ɗin Inn ya wuce ni ina zaune. Inn ƙungiyar baristoci ce mai kiran mutum barista, huɗu ne, Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple, dole ka shiga ɗaya, kuma duk suna ba da tallafin kuɗin kwas amma farkon Nuwamba suke rufewa, kusan shekara guda kafin ka shiga aji. Kuɗin da aka haɗa min a gida da kyar, da na nema wataƙila da an rage musu nauyi, wannan har yau yana damuna.

Inda na fi yi wa kaina illa shi ne fom. A lokacina Gateway na ba ka damar tura har 20, sai na rubuta amsa ɗaya mai daɗin Turanci na riƙa canza sunan cemba kawai. Akwai tambayar da kusan kowa ke yi, me ya sa mu ka zaɓa, ni kuma sai in ce saboda sunanku da ƙwarewarku. Wallahi wanda ke duba fom ɗin nan barista ne da ya dawo daga kotu a gajiye, ga tulin fom gabansa, layi biyu zai karanta ya gane ba ka san su ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in zaɓi kaɗan, in buɗe shafin kowace in ga wace irin shari'a suke yi, in nemo hukunci ɗaya da wani nasu ya tsaya a ciki in karanta shi har ƙarshe in samu abin cewa na kaina. Sannan idona duk yana kan manyan cemba na kasuwanci a Landan masu biyan fam dubu 70 zuwa sama, alhali takarduna da abin da na taɓa yi sun fi dacewa da shari'ar laifuka da ta iyali. Manchester, Leeds, Birmingham duk akwai cemba masu kyau, hukumar gabatar da ƙara ta CPS da sashen lauyoyin gwamnati su ma suna ɗaukar masu fufilej, ban ko leƙa ba.

Sai intabiyu. An tarbiyyantar da mu kada mu yabi kanmu, kada mu ja da babba, kuma tarbiyya ce mai kyau, amma a ɗakin nan za su miƙo maka takarda su ba ka 'yan mintuna su ce nemi beli, ko roƙa wa mai laifi sassauci, sannan wani babba ya katse ka da gangan ya ce bai yarda ba. Ni da an matsa sai in janye in ce haka ne ranka ya daɗe, alhali abin da suke son gani shi ne ka tsaya kan hujjarka cikin ladabi. Wannan ba a koyonsa daren intabiyu. Ku shiga gasar shari'ar gwaji a jami'a, ku yi aikin sa kai irin na Free Representation Unit inda ɗalibi ke tsaya wa mutum a kotun ma'aikata, ku nemi ƙaramin fufilej na 'yan kwanaki. In kun je ku riƙe littafi, kullum da yamma ku rubuta me kuka gani me kuka koya, ba sunan kowa, don ni da aka tambaye ni me na koya a nawa sai kame-kame.

Maganar biza kuma ku bincika ta tun kafin ku biya kuɗin kwas, don yawancin baristocin cemba masu zaman kansu ne, ba ma'aikatan kowa ba, kuma hakan na iya shafar irin bizar da za ku samu. In kuma niyyarka ka dawo gida ne, ka sani wanda ya yi digirin lauya a waje sai ya shiga makarantar lauyoyi ta Najeriya ya fara da zangon farko na waɗanda suka yi karatu a waje, sannan ya yi na biyu tare da kowa, to ka sa wannan lokacin da kuɗinsa a lissafinka tun yanzu.