Ina Legas amma sunana na cikin littafin manoman garinmu

In na ce wa mutane a nan kasuwar Mile 12 ni ɗan ƙungiyar manoma ne sai ka ga suna kallona, wai mai kwana a Ketu ina shi ina gona. To ni ɗan yankin Kura ne a jihar Kano, inda ruwan dam ɗin Tiga, wanda aka gina tun zamanin Audu Bako, ke bi ta kanal yana shayar da gonaki, da damina shinkafa, da rani tumatir da albasa da alkama. Gonarmu ta gado ƙanina ke nomawa, ni kuma ina nan ina dillancin kayan gwari, amma kujerar mahaifinmu a ƙungiya ni aka ba wa bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Ƙungiyar ba wani ofis gare ta ba. Tabarmi ne a ƙofar gidan Sarkin Noma ranar Juma'a bayan la'asar, sai ma'aji da sakatare da wani tsohon littafi da bangonsa ya sha hannu har ya yi baƙi. A ciki ake rubuta kuɗin wata, da wanda ya fito yasar kanal, da wanda bai fito ba aka ci shi tara. Rabon ruwa ma a nan ake yanke shi, kuma wallahi ba abin da ke haɗa faɗa irinsa, don wanda gonarsa ke bakin kanal in ya tare ruwa da dare na ƙarshen layi sai ya wayi gari dashensa ya yi yaushi, da ba don dattawan nan ba da tuni an sha zuwa kotu. Akwai kuma rumbun ƙungiya, bayan girbi kowa ya auno shinkafa gwargwadon ƙarfinsa, daga ciki ake kai wa gidan rasuwa da marayu da wanda gobara ta shafa.

Amma gayya ita ce ran abin. Mutum ya kwanta ciwo lokacin dashe, ko ya rasu ya bar ƙananan yara, sai a sa rana, tun da asuba a cika gonarsa, mata su aiko da koko da ƙosai, da hantsi a kawo fura, kafin azahar an gama aikin da shi kaɗai zai yi mako biyu yana fama. Ba a biyan kowa ko sisi.

Mu da ke Legas a nan aka samu matsala da mu. Mun ɗauka tunda muna turo kuɗin wata, har da kuɗin tara in an yi gayya ba mu, ai shikenan mun fita. Da na je gida babbar sallah aka tayar da zancen, wani matashi ya ce shi ya gaji da yi wa ƴan Legas noma suna biyansa da alat. Sai Sarkin Noma ya juyo ya ce min, ɗana, kuɗinku muna gani, amma kuɗi ba ya riƙe fartanya, ku faɗa mana me za ku iya yi daga can wanda mu ba za mu iya daga nan ba. Na ce Baba, ranka ya daɗe, kasuwa muke gani.

Daga nan aka ɗora mana aiki, kuma gaskiya shi ya mayar da mu ƴan ƙungiya na haƙiƙa. Kullum bayan sallar asuba ɗayanmu zai zagaya ya ga mota nawa suka shigo cikin dare, daga ina, kwando na tafiya nawa, sai ya yi magana a WhatsApp ya tura gida. In kasuwa ta cika muka ce a dakata da tsinka kwana biyu, sai a dakata. In motar ƴan ƙungiya ta iso mu ke tsayawa a kanta, kuma wanda bai taɓa ganin sauke tirelar tumatir ba ba zai gane ba, ƴan dako na ɗaga kwando ruwa na zuba ta ƙasa, na saman jajir abin sha'awa, na can ƙasa ya sha nauyi da zafin hanya ya farfashe, shi ne masu abinci ke saye da arha. Kowane kwando da alamar mai shi a jiki, ni kuma dole in rubuta wa kowa abin da nasa ya kawo, in cire kuɗin mota da na dako da la'ada a fili. Amanar nan ta fi kuɗin wata nauyi nesa ba kusa ba, don mutumin da ya yi wata uku yana ban ruwa ba abin da yake gani sai abin da na ce masa.

Shekarar 2016 ce ta nuna min amfanin rumbun nan. A watan Maris aka yi rikici a Mile 12 gwamnatin Legas ta rufe kasuwar, muna farfaɗowa sai ga tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina. A nan kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba amma ba kayan sayarwa, a gida kuwa mutane sun ci bashin taki da magani gona ta ƙone. Shinkafar rumbu ce ta riƙe gidaje da dama har damina. Haka a farkon 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, da aka tsayar da kawo kayan abinci kudu, tumatir ya rasa mai saye a gona, ƙungiya ta yi gayyar yanka aka shanya aka yi kauɗa, aka rage asara.

Abin da ba na so shi ne masu shiga don jin ƙamshin rance. Lokacin da aka fara shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a 2015 labari ya bazu, sai ga mutane na rububin a rubuta sunansu, wasu ko kunya ɗaya ba su taɓa hudawa ba, da abin ya lafa ko gaisuwar rasuwa ba ka ganinsu. Shi ya sa muka kafa doka, sai ka yi shekara kana fita gayya ko kana riƙe wani aiki kafin sunanka ya shiga duk wata takarda da za a kai wa hukuma. Wasu sun ce an tsaurara, ni ina ganin daidai ne.

Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuɗin mota zuwa Legas da na man injin ban ruwa suka zama babban zancen kowane zama. Yanzu muhawarar da ake ita ce ko a haɗa kuɗi a sayi kiret na roba maimakon kwando, dattawa na cewa wa zai biya kuɗin mayar da su arewa ba kaya, kuma suna da gaskiya, masu saƙa kwando ma ƴan uwanmu ne. Ni dai da nake ganin abin da ke zubewa a ƙasan mota na ce a gwada da mota ɗaya a ranin bana, mu ƴan Legas mun ɗauki nauyin tattara kiret ɗin da neman motar da za ta koma da su.