Yau mun kalli Furiosa a gidan kallon Bala

Asabar, bayan isha'i.

Tunda aka tafi hutun ƙwallo, ba Firimiya ba Laliga, Bala mai gidan kallon layinmu a nan Tudun Wada ya koma saka finafinai duk Asabar, wai kada bencinansa su yi ƙura kuɗin haya kuma yana ta tafiya. Da hantsi na leƙa Kasuwar Barci karɓo ɗinki, tela ya ce sai Litinin. A hanyar dawowa na ga an goge allon da ake rubuta wasannin mako, an rubuta FURIOSA da alli, ƙarfe huɗu da rabi. Ban yi niyyar zuwa ba, ƙanena Usaini ne ya nace, har da biya mini kuɗin shiga.

Tun kafin a ta da janareto aka fara musu. Wani yaro a bencin gaba ya juyo ya tambayi Sani bakanike, wanda duk unguwa ta san ya haddace Mad Max: Fury Road, ko wannan fat tu ɗinsa ne. Sani ya ce a'a, baya aka koma. Wancan a 2015 ya fito, a ciki mun tarar da Furiosa babbar mace, kai a aske, goshi shafe da baƙin mai, hannun hagu na ƙarfe, ta ɗauki tanka ta gudu da matan sarkin wani gari mai suna Citadel. Wannan kuwa na 2024 ne, kuma labarin yarintarta ne, inda aka haife ta da yadda aka raba ta da gida da yadda hannun ya tafi. Yaron ya yi jim, can ya ce, "To Yaya Sani, in dai mun san ba za ta mutu ba, me muka biya kuɗi mu gani?" Aka kwashe da dariya. Sani bai kula shi ba, ya ci gaba da karanto mana tarihin mai fim ɗin, George Miller ɗan Ostireliya, wanda likita ne kafin ya faɗa harkar fim, ya yi Mad Max na farko a 1979 da Mel Gibson, wannan kuma ya fitar da shi yana da shekara 79. Yana faɗar shekarun yana kallon Malam Idi, tsohon ma'aikacin masaƙa da ba ya fashin zuwa gidan kallo. Malam Idi ya ce, "Kalle ni da kyau, ni ma da an ba ni dala da ka ga aiki."

Da aka fara, ɗakin ya yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji a wurin Bala ba ko lokacin bugun fanareti. An nuno ƙaramar yarinya tana tsinkar 'ya'yan itace a wani kwari mai ruwa da ciyayi da ke ɓoye a tsakiyar hamada, sai ga wasu mutane da babura. Suka kama ta, suka ɗaure a babur, suka nausa cikin rairayi. Uwarta ta saɓi bindiga ta bi sawu, da fari a kan doki, daga baya a kan babur ɗin ɗaya daga cikinsu, tana ɗauke su ɗai-ɗai daga nesa. Masu fim sun ajiye labarin ne a Ostireliya bayan duniya ta rushe, ba gwamnati ba doka. Mu nan Kaduna ba sai an yi mana bayanin mutanen da ke zuwa a kan babura su ɗauki yara ba. A watan Maris na 2024, wata biyu kafin fim ɗin ya fito, aka kwashe ɗalibai a Kuriga cikin ƙaramar hukumar Chikun, sai bayan fiye da mako biyu aka dawo da 137. Ba wanda ya ambaci sunan garin a ɗakin nan. Akwai wani dattijo da ban sani ba, yana zaune bakin ƙofa ya ɗora hularsa a gwiwa. Da aka zo inda aka kama uwar ana gana mata azaba an tilasta wa 'yar ta kalla, sai ya sa hularsa, ya laluba takalminsa ya fita. Bala ya bi shi da kuɗinsa a hannu, dattijon ya ɗaga masa hannu ya ce ya bar shi.

Hayaniya ta dawo ne da bos ɗin, Dementus shugaban masu baburan, ya fito a kan keken yaƙinsa da babura uku ke ja, ga 'yar tsanar yara maƙale a jikinsa. Chris Hemsworth ne, wanda yara suka sani da Thor mai guduma, amma an ƙara masa hanci an cika masa gemu, sai da Usaini ya rantse kafin na bencin gaba su yarda shi ne. Garuruwa uku ke riƙe da duniyar fim ɗin, Citadel mai ruwa da abinci, Gastown mai fetur, Bullet Farm mai harsashi, kowa yana aika wa ɗan'uwansa abin da yake da shi a tanka da 'yan rakiya. Ana nuno Gastown, bututu na aman wuta da hayaƙi, wani daga baya ya ce, "Kai jama'a, su tasu matatar tana aiki!" Wuri ya kaure da dariya, don kowa ya san tamu ta hanyar Kachia da aka buɗe a 1980 da halin da take ciki. Wani direban Keke Napep ya ƙara da cewa shi tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, yake zaune a cikin Mad Max, ba mai ba shi labari.

Inda kowa ya sallama shi ne harin da aka kai wa tankar. A lokacin yarinyar ta girma, Anya Taylor-Joy ta karɓi wasan, ta ɓad da kama ta zama yaro bebe a garejin Citadel. Kusan minti 15 ake yi ba numfashi, tana maƙale a ƙarƙashin mota tana gudu, mahara suna saukowa ta sama da lema da fanka a bayansu. Kwana 78 aka yi ana ɗaukar wannan wurin kaɗai. Sani shi ba faɗan yake kallo ba, injin yake kallo. Sai zungurina yake yana nuna yadda ake gyara a ƙasan mota tayoyi na juyawa dab da kai, yana cewa shi da mota a tsaye a kan jak ma sai ya ƙone hannu.

Fim ɗin minti 148 ne, Bala kuma bai yi lissafi ba, aka kira magariba daidai lokacin da Furiosa ta ritsa Dementus shi kaɗai a hamada yana durƙushe. Aka tsayar, muka fita masallacin bakin layi. Allah ya yafe mana, ban ga wanda ya tsaya nafila ba. Da muka dawo aka ƙarasa. Ba harbe shi ta yi ba. Ƙwallon ɗan itacen da uwarta ta damƙa mata ranar rabuwa, wanda ta ɓoye shekara da shekaru, shi ta shuka a jikinsa yana raye, bishiya ta tsiro daga cikinsa a lambun Citadel. Malam Idi ya yi a'uziyya da ƙarfi. Wasu samari suka yi tsaki, su harsashi suka so.

A teburin mai shayi aka baje kolin ra'ayi. Sani, da duk tallar da ya yi wa fim ɗin da la'asar, shi ne ya fara sukarsa. Ya ce bai kama ƙafar na 2015 ba. Wancan a hamadar Namibiya aka ɗauka da motoci na gaske, ana ganin nauyin ƙarfe in ya kife, har kyautar Oscar 6 ya ci, wannan kuwa akwai wuraren da ido ke gane aikin kwamfuta ne, wuta ba ta yi kama da wuta ba. Ya ce an rubuta Mad Max a suna, amma Max, jarumin finafinan baya, sau ɗaya aka hasko shi a kan tudu kusa da motarsa, ko gaisuwa bai yi ba. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne yaƙin kwana 40 tsakanin Dementus da sarkin Citadel, da aka yi ta haramar zuwansa, sai aka wuce shi cikin ɗan lokaci da muryar mai ba da labari. A nan kam na goyi bayansa, an ja mana rai an hana mu. Ya rufe da cewa duniya ma ta yanke hukunci, dala miliyan 168 aka kashe, abin da ya shigo bai kai miliyan 180 ba, masu sinima kuma sai sun cire nasu.

Usaini bai taɓa ganin na 2015 ba, shi kuma ya ce bai ga abin kushewa ba. Ya ce, "Yaya Sani, kai ne ma ka gyara mini kallon. Tunda ka ce hannun zai tafi, duk sanda ta miƙa shi kusa da taya ko sarƙa sai cikina ya ɗuri ruwa." Ni ma nan na tsaya. A hannun nan na hagu ta zana taswirar taurarin da za su mayar da ita gida, fim ɗin ya yi ta nuna mana shi, mu kuma mun riga mun san ba zai kai ƙarshe ba. Da aka rataye ta da shi ta yanke shi da kanta ta tsere, ba hannu kaɗai ta bari a sarƙar ba, har da hanyar garinsu. Wanda bai san ƙarshen ba firgita kawai zai yi sau ɗaya, mu da muka sani mun fi awa muna jiran abin. Ai ko tatsuniyar Gizo ba wanda bai san zai sha kunya a ƙarshe ba, amma ba yaron da ke tashi kafin a ce ƙurunƙus. Sani ya ce wannan falsafa ce, shi mota ya zo gani.

Malam Idi nasa daban. Ya ce yarinyar ba ta magana, sai zare ido, kuma da gaskiyarsa, maganganunta a fim ɗin duka ba su da yawa. Shi bos ɗin ne ya burge shi, don ya ce a bakinsa aka ji cewa shi ma an raba shi da 'ya'yansa, 'yar tsanar tasu ce, baƙin ciki ne ya cinye shi har ya koma yi wa 'ya'yan wasu abin da aka yi wa nasa. Direban Keken ya ce, "Baba, kada ka nema masa uzuri, irinsu muna da su a daji." Malam Idi ya ce shi bai ce uzuri ba, cewa ya yi an nuna daga inda abin ke farawa. Suka ɗan ɗaga murya, sai mai shayi, da bai kalli komai ba, ya katse su da tambayar ko akwai soyayya a ciki. Aka ce akwai wani direban tanka, Jack, amma iyakarsu haɗa goshi. Ya ce to ba waƙa, ba aure, awa biyu da rabi, Allah ya ba mu haƙuri, ya ci gaba da kaɗa ƙwai.

Kafin mu watse Bala ya zo shan nasa shayin, ya ce mako mai zuwa zai saka na 2015, ƙarfe huɗu daidai saboda magariba, da sharaɗin Sani ya zauna a bencin ƙarshe ya kama bakinsa. Malam Idi ya tambaya ko Dementus yana ciki. Aka ce babu. Ya ce to kuɗinsa na goro ne.