Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ranar da muka yi askirim a aji

Assalamu alaikum jama'a, to mun dawo. Makon jiya na tsaya a inda aka turo ni Garwa ta Kamaru in koyar da fizik da kimiyyar sinadarai a wata kwaleji, ajin masu shirin jarrabawar BEPC, wato ta kammala ƙaramar sakandare.

Watan Afrilu ne, kuma duk wanda ya san Garwa ya san zafin wannan lokaci, ma'auni yana haura digiri 40, yara na ta fifita da littafi. A haka wai zan koya musu dalilin da ya sa ake watsa gishiri a titi lokacin sanyi a Turai. Yaran da ƙanƙarar da suka sani ita ce ta leda da ake rububinta da azumi! Na rubuta a allo cewa ruwa yana daskarewa a digiri 0, gishiri kuma yana sauke wannan matakin ƙasa, suka kwafa tsaf, amma da ka kalli idonsu ka san abin bai shiga ba, ni kuwa wallahi irin wannan haddar tana ci min rai.

Washegari na tsaya wajen wata Bafulatana na sayi madara, uwargida ta tafasa min ita ta huce, na haɗa da sukari da gishiri da ledoji, sannan na roƙi Baba mai ƙanƙara ya aje min manya guda-guda kafin masu zoɓo su kwashe. Kowane rukuni ya ɗaure madara da sukari a ƙaramar leda, aka cusa ta cikin babba mai dakakkiyar ƙanƙara da gishiri cike da hannu. Rukuni ɗaya ne na hana gishiri da gangan. Sai girgizawa, aji ya kaure da ihu, hannaye suka ƙandare har wasu suka naɗe ledar da ɗankwali.

Nan wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu, ta ce "Malam, ai gishirin narkar da ƙanƙarar yake yi, to abin da ke narkewa ta yaya zai daskarar da madara?" Tambayar da nake jira kenan. Na tsoma ma'aunin zafi a ledar marasa gishiri, ya tsaya a 0. Na tsoma a ta masu gishiri, ya zarce ƙasa da sifili sosai. Na ce ƙanƙara ba ta narkewa a banza, sai ta sha zafi, kowane giram ɗaya yana buƙatar zafi kusan jul 334 (jul ma'aunin makamashi ne). Gishiri ya tilasta mata narkewa, babu wuta a cikin leda, to a ina za ta samo zafin? Shiru, can ita yarinyar ta ce daga madarar, da hannunmu. Har tsikar jikina sai da ta tashi.

Na ƙara musu da cewa sukarin cikin madarar shi ma aikin gishirin yake yi, shi ya sa ba ta daskarewa a 0, dole a sauka ƙasa da haka. Kuma abin yana da iyaka, ko buhu ka juye, ruwan gishirin girki ba ya wuce wajen digiri 21 ƙasa da sifili. Girgizawar kuwa don kada ƙwayoyin ƙanƙara su girma ne, ya fito da laushi.

Da aka kwance, na masu gishiri ya kama, na sauran yana nan tsululu, har rigima ta so tashi sai da aka raba da su. Muna cikin sha sai ga darakta a bakin ƙofa, hayaniya ta jawo shi daga ofis. Abin da ya ce min, da yadda maganar ta kai kunnen iyayen yara, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.